Man Gas Daga Gansakuka: Tarihin Wani Buri Na Shekara Tamanin

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu girma, na tabbata duk wanda ya zauna a ajin kimiyyar halittu a cikinmu bai manta da ranar da aka aike mu kududdufi da kwalabe ba. Muka ɗebo koren ruwan nan wanda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa masa baki, aka ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi, muka yi layi muna leƙa madubin ƙara girma ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ga zaren Spirogyra, wasu suka ga 'yar ƙwayar Chlamydomonas tana iyo da gashinta guda biyu, wasu kuwa, in za a faɗi gaskiya, ba su ga komai ba sai gashin idonsu, suka dai kwafi zanen maƙwabci. A wancan lokaci iyakar darajar gansakuka a wurinmu ita ce tambaya ɗaya a takardar jarrabawa. Ba mu sani ba ashe a wasu ƙasashe an daɗe ana narka mata kuɗi da nufin a tatsi man da zai tuƙa mota da jirgi daga jikinta. Tarihin wannan yunƙuri nake so in ɗan warware mana a nan, domin sau biyu ana tashi da ƙarfi ana komawa a zauna, kuma a ganina bango ɗaya aka yi karo da shi duka sau biyun.

Gansakukar da ake magana a kanta ita ce ƙarama ƙwarai mai ƙwaya ɗaya tak, wadda ido ba ya ganinta sai ta taru da yawa ta mai da ruwa kore. Ba ta da saiwa, ba ta da kara, ba ta da ganye, saboda haka ba ta ɓata ƙarfinta wajen gina su. Hasken rana take buƙata, da iskar kabon, da ɗan taki a cikin ruwa. In yanayi ya yi mata daɗi takan ninka kanta cikin yini guda, wasu irinta kuma suna rayuwa a ruwan gishiri da ruwan kwatami inda ba abin da manomi zai shuka. Daɗin daɗawa, wasu nau'o'inta kan tara mai a cikinsu, mai irin na gyaɗa da waken suya. Hasali ma, kaso mai yawa na ɗanyen man da ake haƙowa a ƙarƙashin ƙasa asalinsa irin waɗannan ƙananan halittu ne da suka mutu a teku, laka ta binne su, zafi da nauyin ƙasa suka dafa su cikin miliyoyin shekaru. To, sai masana suka ce, me zai hana a gajarce hanya?

Tuƙa inji da man tsirrai ba sabon abu ba ne. A bajekolin duniya da aka yi a birnin Paris a 1900 an nuna wani injin dizal yana aiki da man gyaɗa, kuma Rudolf Diesel da kansa ya ba da labarin daga baya, ya ce gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin saboda tana tunanin ƙasashen da take mulka a Afirka, inda gyaɗa ke da yawa. Matsalar ita ce man tsirrai yana da kauri, yakan toshe bakin allurar inji ya bar datti. A 1937 wani masani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar hanyar rage wa manja kauri, a shekara mai biye kuma wata motar safa ta yi ta zirga-zirga tsakanin Brussels da Louvain da wannan mai. Hanyar da aka saba bi tana kama da haɗin sabulu. Ana gauraya mai da wani sinadari mai suna metanol, a sa 'yar soda, a ɗumama. In aka zuba kilo 100 na mai da wajen kilo 10 na metanol, sai a sami kusan kilo 100 na man gas a sama, da wajen kilo 10 na giliserin ya kwanta a ƙasa. Wannan man gas ɗin shi ake kira bayodizal. Wato mai da mai ya koma dizal ba shi ne wahala ba, an iya shi tun kafin a haifi yawancinmu. Wahalar ita ce samun man da yawa kuma da araha.

Ita kuwa gansakuka ta shiga ɗakin bincike ne tun 1890, lokacin da Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware wata koriyar ƙwaya ya rene ta ita kaɗai, ya sa mata suna Chlorella vulgaris. Da jinsin Chlorella ne Otto Warburg a Jamus, daga baya kuma Melvin Calvin a Amurka, suka yi nazarin yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana, aikin da ya ba Calvin kyautar Nobel a 1961. Maganar mai kuwa yaƙi ne ya fara kawo ta. A 1942, Jamus tana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, tana fama da ƙarancin kitse da man inji, sai wasu masana tsirrai biyu, Harder da von Witsch, suka kawo shawarar a riƙa noman wani jinsin gansakuka mai ɓawon gilashi domin man da ke cikinsa. Yaƙi ya ƙare shawarar ba ta kai ko'ina ba.

Bayan yaƙi sai hankali ya koma kan yunwa, ana tsoron yawan jama'ar duniya zai fi ƙarfin gonaki. A 1949 Spoehr da Milner na Cibiyar Carnegie da ke Amurka suka gano wani abu da ya zama ginshiƙin duk abin da ya biyo baya: in aka hana Chlorella sinadarin naitirojin, wato abin da ke cikin takin yuriya, sai ta daina gina furotin ta shiga tara mai, har mai ya wuce rabin nauyinta in an busar. A 1951 aka yi gwajin nomanta a kan rufin wani gini a Cambridge ta jihar Massachusetts, a 1953 kuma cibiyar ta Carnegie ta fitar da littafi guda a kan noman gansakuka. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, William Oswald da abokin aikinsa Clarence Golueke suka ɓullo ta wata hanya: a yi tafki marar zurfi, a ciyar da gansakuka da ruwan kwatamin gari, ta tsabtace ruwan, sannan a ruɓar da ita a sami iskar gas ta girki. Sun buga wannan shawara a 1960. Amma a lokacin gangar ɗanyen mai ba ta kai dala 3 ba, wa zai saurare su?

Sai Oktoban 1973 ya zo. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka da wasu ƙawayen Isra'ila mai, farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Manyanmu a wannan ƙungiya sun san abin da wannan tashi ya jawo a Nijeriya, don ba su manta da kuɗin Udoji ba. Abin da ya zame mana biki, su a can makoki ne, layin mai ya cika biranensu. Shugaba Jimmy Carter ya kafa Ma'aikatar Makamashi a 1977, a shekarar kuma aka buɗe cibiyar binciken makamashin rana a garin Golden na jihar Colorado. A ƙarƙashinta ne aka fara, a 1978, abin da suka kira Shirin Halittun Ruwa. Da fari iskar haidirojin suke nema daga gansakuka, amma daga farkon shekarun 1980 suka karkata ga man gas.

A nan ne nake so mu ɗan dakata, domin wannan shiri shi ne zuciyar labarin. Masu binciken sun bi tafkuna da fadamun gishiri, musamman a hamadar kudu maso yammacin Amurka, suna ɗiban ruwa a kwalabe kamar yadda muka yi a kududdufi, har suka tara iri fiye da 3,000. Suka yi ta tankaɗe da rairaya, suna neman wadda ke girma da sauri, ta jure zafi da gishiri, ta kuma tara mai, har suka rage saura wajen 300, yawancinsu korayen gansakuka da masu ɓawon gilashi. A ƙarshen shekarun 1980 suka gina tafkunan gwaji a garin Roswell na jihar New Mexico, kowanne mai faɗin murabba'in mita 1,000. Tafkin kamar filin sukuwa yake, dogo mai lanƙwasa a ƙarshe, zurfinsa bai kai gwiwa ba, da wata fanka mai kama da ta jirgin ruwa tana tura ruwan yana kewayawa, ana kuma hura masa iskar kabon. A ranar da abin ya yi kyau sun sami giram 50 na busasshiyar gansakuka a kowane murabba'in mita. Amma da aka haɗa lissafin shekara, sai ya sauko wajen giram 10 a rana, saboda sanyin dare da na hunturu a hamada yakan tsayar da girman.

Wannan ma da sauƙi. Babban abin da ya karya musu gwiwa shi ne dabarar nan ta Spoehr da Milner. An ɗauka cewa hana gansakuka taki wani makunni ne, da an taɓa sai mai ya ɓarke. Da aka auna sosai sai aka ga ba haka ba ne. Gaskiya ne kowace ƙwaya takan cika da mai, amma ta daina rabuwa, ta daina haihuwa. Misalinsa kamar mai kiwon da aka ce masa tumakinsa ba za su yi kitse ba sai ya hana su haihuwa: kowace tunkiya ta yi ƙiba, amma garke bai ƙaru ba. In aka ba ta taki, ta yi yawa ba mai; in aka hana ta, ta yi mai ba yawa. Jimillar man da tafki ke bayarwa a rana ba ta ƙaru ba, wani lokaci ma raguwa take yi. Sun gwada gyara ta ta hanyar ƙwayoyin gado, suka ware sinadarin da ke fara haɗa mai a jikin wata mai suna Cyclotella cryptica, suka sa ta riƙa yinsa da yawa. Dabarar ta yi aiki, amma man bai ƙaru ba. Ga kuma wata fitina: irin da aka zaɓa aka lallaɓa a ɗakin bincike, da an fito da shi fili sai iska ta kawo gansakukar daji da ƙananan ƙwarin ruwa su mamaye tafkin, kamar dai yadda ƙuduji ke yi wa gero.

Akwai kuma lissafin ruwa, wanda kowa a cikinmu zai iya yi a bayan ambulan. Ruwan irin wannan tafki, duk koren da ido ke gani, abin da ke cikin lita ɗaya bai wuce rabin giram na busasshiyar gansakuka ba, domin in ta fi haka kauri sai na sama su tare wa na ƙasa rana. Ke nan kafin a sami kilo ɗaya sai an tace lita 2,000, wato durom goma. In muka ƙaddara kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kilo mai ne, to, lita ɗaya ta mai tana buƙatar a tace ruwa wajen lita 7,000, durom 35 ke nan. Ƙwayoyin kuma ƙanana ne ainun, rariya ba ta kama su, ba sa kwantawa da wuri, sai an sa magani ya dunƙule su ko a juya su a inji mai shan wuta. Bayan nan a busar, a fasa ɓawon ƙwayar mai tauri, a ciro man. Kowane mataki wuta yake ci. Manomin gyaɗa rana ce ke busar masa kyauta, mai ƙuli-ƙuli ta matse da hannu. Mai gansakuka kuwa yana iya kashe makamashin da ya kusa kai wanda zai samu.

Ana cikin haka farashin ɗanyen mai ya faɗi. A 1986 ganga ta sauko har wajen dala 10, ta kuma yi ta yawo kusa da dala 20 a tsakiyar shekarun 1990. Gwamnatin Amurka ta rufe shirin a 1996, bayan an kashe abin da bai wuce dala miliyan 25 ba cikin shekara 18, aka kai irin da aka tara Jami'ar Hawaii ajiya. A 1998 John Sheehan da Terri Dunahay da John Benemann da Paul Roessler suka rubuta rahoton rufewa. Ni dai ina ganin wannan rahoto ya cancanci yabo, domin ba su ɓoye komai ba. Sun ce ko da an ɗauki lissafi mafi daɗi, man gansakuka zai ninka dizal na lokacin tsada, kuma sun ce in ana neman araha ba wata hanya sai buɗaɗɗen tafki. A daidai waɗannan shekaru Japan ta bi ɗaya hanyar, ta kashe fiye da dala miliyan 100 tana gwada renon gansakuka a rufaffun bututu da kwantena masu haske, ita ma ta ajiye saboda tsada.

Da a ce an karanta wannan rahoto da idon basira, da zagaye na biyu bai yi zafin da ya yi ba. Daga 2005 farashin mai ya sake hawa, har ganga ta kai dala 147 a Yulin 2008. Ga maganar ɗumamar yanayi, ga kuma tsadar abinci ta 2007 da 2008, wadda ta sa mutane suka fara zargin masu mai da masara da waken suya man mota da cewa suna cire loma daga bakin talaka. Gansakuka ba ta cin gonar kowa, sai ta zama amarya. A 2007 Yusuf Chisti na Jami'ar Massey a New Zealand ya buga wata maƙala da ta yi tashe, inda ya jera cewa hekta ɗaya ta waken suya tana ba da lita 446 na mai a shekara, ta kwakwar manja lita 5,950, ta gansakuka kuwa lita 58,700 zuwa 136,900. Waɗannan alƙaluma na gansakuka daga rufaffun na'urori aka ƙiyasto su, ba daga gona ba. Ku gwada su da na Roswell: giram 10 a rana ya kama tan 36 da rabi a hekta a shekara, kuma wannan nauyin gansakukar ce gaba ɗayanta, ba man da ke cikinta ba. Amma masu zuba jari alƙaluman farko suka riƙe.

Kamfanoni suka yi ta ɓullowa. GreenFuel, wanda ya yi niyyar ciyar da gansakuka da hayaƙin tashoshin wutar lantarki, ya tara wajen dala miliyan 70, ya rufe a 2009. Sapphire Energy, wanda kamfanin jarin Bill Gates ya sa wa kuɗi, ya gina manyan tafkuna a New Mexico. Solazyme kuwa ya kauce wa rana gaba ɗaya, yana renon gansakuka a cikin tankunan ƙarfe a duhu yana ciyar da ita sukari. Wannan ya magance matsalar ruwa, amma ya dawo da ta gona, tun da sukari daga rake ko masara yake. An kuwa yi abubuwan nunawa. A Janairun 2009 jirgin kamfanin Continental ya yi gwajin tashi daga Houston da haɗin mai a injinsa ɗaya, ko da yake kason gansakuka a ciki kaɗan ne, mafi yawan man tsiron na bi-ni-da-zugu ne. A Nuwamban 2011 jirgin United ya ɗauki fasinjoji daga Houston zuwa Chicago da man da kashi 40 cikin ɗari na Solazyme ne. A ƙarshen wannan shekara rundunar sojan ruwan Amurka ta sayi galan 450,000 na man da aka yi da gansakuka da tsohon man suya a kan dala miliyan 12, wato wajen dala 26 kowane galan, a lokacin da man da ta saba saye bai kai dala 4 ba. Inji bai taɓa ƙin man ba. Aljihu ne ya ƙi.

A 2012 Majalisar Bincike ta Ƙasa a Amurka ta fitar da nata rahoton. Ta ce in ana so a maye kashi 5 cikin ɗari kacal na man sufurin ƙasar da na gansakuka, da fasahar wannan lokaci, za a buƙaci naitirojin tan miliyan 6 zuwa 15 da fosfaras tan miliyan 1 zuwa 2 kowace shekara in ba a sake juya takin ba. Wato abin da aka ce ba ya takara da manomi a kan gona, ashe zai yi takara da shi a kan taki. Bayan shekara biyu sabuwar hanyar fasa duwatsu ta cika kasuwa da man Amurka, farashi ya rushe, har ganga ta gaza dala 30 a farkon 2016. Solazyme ya canja suna zuwa TerraVia a 2016 ya koma kayan abinci, a 2017 ya karye, kamfanin Corbion na Holan ya saye abin da ya rage.

Wanda ya fi daɗewa a fage shi ne ExxonMobil. A 2009 ya ba da sanarwar zai sa har dala miliyan 600 tare da kamfanin Craig Venter, mutumin da ya yi suna wajen karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam. A 2013 shugaban kamfanin na lokacin, Rex Tillerson, ya ce abin zai iya ɗaukar shekara 25. A 2017 masu bincikensu suka ba da labarin sun taɓa ƙwayar gado ɗaya a jikin wata gansakuka mai suna Nannochloropsis gaditana, man da ke cikinta ya tashi daga wajen kashi 20 zuwa kashi 40 cikin ɗari ba tare da girmanta ya ragu sosai ba. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, domin shi ne ƙullin da ya gagari mutanen shirin farko. Sai dai bai rage ko durom ɗaya daga ruwan da za a tace kafin a sami kilo guda ba. Kamfanin ya yi shekaru yana nuna koren tafki a tallace-tallacensa na talabijin, masu suka suna cewa wankan suna ne kawai, a ƙarshen 2022 kuma ya janye, bayan ya kashe fiye da dala miliyan 350.

Noman gansakuka kansa bai mutu ba, kasuwa ya sauya. Waɗanda suka tsira su ne masu sayar da abin da ake aunawa da cokali: man omega-3 da ake sawa a madarar jarirai da abincin kifi, da jan launin da ake samu daga Haematococcus ana ba kifin salmon, da ƙwayoyin Chlorella da Spirulina na ƙarin abinci. Kilo ɗaya na irin waɗannan yakan yi kuɗin lita da yawa ta dizal, don haka tace durom goma bai zama asara ba. Ita Spirulina, wadda masana ke lissafawa cikin dangin bakteriya ba cikin korayen gansakuka ba, maƙwabtanmu sun riga Turawa saninta. A yankin Kanem na ƙasar Chadi matan Kanembu sun daɗe suna kwasarta daga tafkunan kanwa da ke gabas da Tafkin Chadi, su zuba a kan rairayi rana ta busar, su yanka ta gutsi-gutsi su kai kasuwa da sunan dihe, ana kaɗa miya da ita. Masanin tsirran nan ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a tafiyar da ya yi ta ƙetare Sahara a 1964 zuwa 1965, daga nan ne masana'antun Turai suka fara bin sawunta.